Inuwar Fulawar Malam Manga

Duk unguwar Sintali an san hannun Bara'atu. Ita ke yi wa amare lalle, in kuma ka ga fulawa zane a bangon ɗakin amarya, ba sai ka tambayi wa ya yi ba. Sai dai fulawarta daga ka take fitowa, ganye daidai da ganye, launi mai sanyi, babu inuwa ko ɗigo. A sana'arta inuwa datti ce, wanda ya bar ta a zane bai iya ba.

Mijinta Malam Manga kuwa fulawar gaske ya sani. Ya tsufa yana kula da lambun wani otal, da ya ajiye aiki sai ya kwaso halin ya dawo da shi gida, ya cika tsakar gida da shuke-shuken da ba a miya da su. Ta sha yi masa tsiya. "Malam, da kuɓewa ka sa a nan ai da mun ƙaru." Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da ban ruwa.

To, sai idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma lallaɓa shi ake yi. Hasken rana ya zame masa azaba, in ya fito tsakar gida komai sai ya haɗe ya yi fari fat. Bana kuma fulawa ta yi kyau kamar da gayya, ga mai ita zaune a baranda yana tambaya, "Ta bakin rijiya ta buɗe?" Tambayar nan tana sosa ran Bara'atu. Tsoronta ɗaya, kada idon ya rufe bai ƙara ganin abin da ya shuka ba.

Ta samo falanki da fenti ta shige ɗaki, ta zana masa lambun yadda ta saba, don ya kawo kusa da fuskarsa ya gani a inuwa. Ya karɓa, ya daɗe yana dubawa.

"Masha Allah," ya ce, "dubi wannan jar."

Yatsansa kuwa a kan sararin saman zanen yake, inda babu komai sai shuɗi. Mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba, yau ya yi don kada ranta ya ɓaci. Ta juya baya ta share ido da bakin mayafi.

"Malam, tsakaninka da Allah, me kake iya gani yanzu?"

Ya ce, "Baƙi da fari, in sun yi ƙarfi. Inda rana ta buga, da inda ta bari."

Washegari da rana tsaka, lokacin da ko kaza ta nemi ƙarƙashin rumfa, Bara'atu ta ɗauko sabon falanki ta kafa kujera a tsakar gida. Ita da ta tsufa tana zana fulawa, sai ranar ta tsaya ta dube ta. Ashe gefen da rana ta daka ba ja ba ne, ya kusa fari, kamar an wanke shi. Ƙarƙashin ganye kuwa baƙi ƙirin, ga inuwar reshe ta kwanta a katanga kamar an zubar da tawada. Hannunta ya ƙi zuwa gwangwanin baƙin fenti, sai da ta tilasta masa. Gumi na shiga mata ido, tana zabgawa tana cewa a ranta, in amare suka ga wannan, shi ke nan sunana ya ɓaci.

Dokas maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga, ta riƙe baki. "Maman Ruwaida, wannan fulawa ya ƙone ne? Kin ɓata shi fa!"

"Bar shi haka, Dokas, ba na amarya ba ne."

Da fentin ya sha iska ta kai masa baranda. Ya kawo shi dab da hanci, ya karkata kai yana neman ɗan wurin da idon ya rage masa. Bai ce masha Allah ba. Yatsansa ya sauka daidai kan gindin shukar, ya bi baƙin layin a hankali har sama, sai ya haɗe rai.

"Wannan ai ta bakin rijiya ce. Bara'atu, wa ya bar reshen nan ya hau katanga haka? Ban ce a riƙa datse shi ba?"

Tun da take da shi ba ta taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Ta zauna daɓas a gefen tabarmarsa, tana dariya hawaye na zuba, hannunta duk baƙin fenti.

"Ci gaba, Malam," ta ce. "Me kuma na yi ba daidai ba?"