Gawar da Ta Nemi Ƙarin Taliya

Duk mai bin shirin talabijin ɗin nan na ɗan sandan ciki na zamanin Turawan mulki, wanda ake ɗauka a tsofaffin lungunan birnin Penang, ya sha ganin Kean Huat, sai dai bai sani ba. Shi ne gawar. Kowane mako sai an kashe shi: yau attajiri mai gemu, gobe mai jan keken fasinja, wata rana ma tsohuwa a lulluɓe. Bawan Allah ya iya mutuwa, ko ƙuda ya sauka masa a hanci ba ya motsi.

Damuwarsa ɗaya ce, mahaifiyarsa ta ƙi kallon shirin.

"In haife ka, sannan in zauna ina kallon gawarka?" in ji ta. "Kashe min akwatin nan, mai jawo wa kansa tsiya!"

Abin yana ci masa rai ƙwarai. Da aka zo ɗaukar kashin ƙarshe, sai ya tari Zaleha, mai ba da umarni.

"Yaya Zaleha, sau ɗaya dai ki bar ni da rai. Ba sai na yi magana ba."

"Yau ga gawa da roƙo!" Ta ƙare masa kallo tana dariya. "To, ka iya tauna?"

Ranar da aka nuna, da rantsuwar cewa yau ba zai mutu ba ya zaunar da mahaifiyarsa, tana leƙe ta tsakanin yatsu. Ga ɗan sandan cikin a shagon shayi yana tona asirin mai kisan. Can bayansa kuwa, wani mutum na sharɓar taliya hankali kwance. A bango kusa da shi an rataye gemun attajiri, hular mai keke da mayafin tsohuwa. Nan take wayar Kean Huat ta hau ƙara, masu kallo sun gano shi.

Ita ko sunan mai kisan ba ta ji ba. Ta sauke hannu, ta matsa har hancinta na neman taɓa gilashi.

"Haka na koya maka riƙe tsinken cin taliya? A gaban duniya?"

"Haba Mama..."

Amma tuni ta kai taga, idonta jiƙe da hawaye, tana ƙwala wa maƙwabta kira.

"Ku kunna ku ga ɗana! Lafiyarsa ƙalau, ga shi can har ƙari ya nema!"