Langar Tsado

Tashar Wuyagi ba ta da girma. Ɗaki ɗaya ce da rumfar kwano, sai tankin da jirgin ƙasa ke shan ruwa. A zamanin da mijin Nna Wusa yake juya layi a wurin, jiragen gyaɗa ba sa yankewa zuwa Baro. Yanzu na fasinja kaɗai ya rage, Talata da Juma'a. Ya gangaro daga Minna da hantsi, ya koma da la'asar.

Duk Talata Nna Wusa takan cika langa da busasshen kifi, ta ɗaure da tsumma, ta miƙa wa Kolo mai gadin jirgi ya kai wa ɗanta Tsado da ke aikin kafinta a Minna. Ran Juma'a langa ta dawo a wanke. Wannan karon Juma'a ta wuce ba langa, Talata ma haka.

"Kolo, ina kwanona?"

"Nna, na bayar fa."

"Ka ba wa? Cikinka?"

Da can da ya yi dariya ya ce kifin ma gishiri ya yi masa yawa. Ran nan kau da kai ya yi, ya ɗaga tuta.

Juma'ar da ta biyo tana tsaye da tirenta na kifi kusa da Kashi mai ƙuli-ƙuli, sai wani baƙo ya sauko. Ba a sauka a Wuyagi sai ɗan gari. Dogo ne, rigarsa fes, kuma langarta ce a hannunsa. Ta gane ta da lotsawar murfi. Ta ga Kolo ya nuna wa baƙon ita da haɓa, ya shige cikin jirgi.

Kashi ta ce, "Yau kin kama ɓarawonki. Ji tsawo kamar sandar waya."

Nna Wusa ta tare shi. "Sannu da zuwa. Wannan kwanon fa?"

Ya durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Nna. Sunana Jiya. Gidan Ndako Legbo nake nema."

Ndako Legbo wan mijinta ne, shi ne babba a gidan.

"Me za ka yi da tsoho? Kwano nawa ne, ga ni."

"Saƙo ne, Nna."

"Na Tsado?"

"Tare muke aiki."

"Ya yi faɗa ne? An kama shi?"

"A'a."

"Mace ya samu yake jin kunyata? In mace ce faɗa min, ba na cizo."

"Nna, a dai nuna min gidan."

Ta ƙare masa kallo. Ba ya haɗa ido da ita. Ta taɓa jin labarin masu bin tashoshi da kayan mutane, su ce ɗanku na asibiti, su kwashe abin gida. Ta ce a ranta wannan ma irinsu ne, shi da Kolo bakinsu ɗaya. Ta fizge langar.

Da nauyinta. Tsumman nan ɗaurin hannunta ne, ba wanda ya kwance shi. Kifin ya fara wari.

"Bai ci ba?"

Jiya ya sunkuyar da kai.

"Kai nake tambaya, ɗan nan. Yaron da ke cinye kifi tun kafin ya zauna, bai ci ba?"

"Nna, ni yaro ne. Ba a bakina za ki ji ba."

Kashi ta daina dariya. A garin ba a faɗa wa uwa irin wannan magana a hanya, sai babban gida ya ji, shi ya kira ta. Nna Wusa ta sani, da mijinta ya rasu ma ta bakin Ndako ta ji.

Ta nuna masa da hannu. "Bayan masallaci, gidan mai mangwaro."

Ya tafi. Tana kallonsa har ya cire takalmi a ƙofar zaure ya shiga. Jirgi ya gama shan ruwa ya ja, ba ta sayar da ko kifi ɗaya ba.

"Kashi, sauke min tiren nan."

Kashi ta sauke, ta zaunar da ita a dakalin tasha, ta riƙe mata hannu. Can sai ga matar Ndako ta fito ba ko mayafi, tana tahowa wajensu a hankali.