Takin Baffa Dikko

Duk wanda ya bi hanyar rafi a daminar nan sai ya rage tafiya ya kalli gonar Bahijja. Ba wata babbar gona ba ce, ɗan fili ne a bayan garin Ƙofa wanda in ka tsaya a wannan iyaka za ka iya magana da na waccan ba tare da ɗaga murya ba. Amma masarar ciki ta yi kore shar, wake ya shimfiɗu ya rufe kunya, kuɓewa kuwa in an tsinke yau, jibi sai a ga kamar ba a taɓa ba. Mata masu wucewa kan ce hannun Bahijja da albarka yake. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce yin Allah ne. Ta san yin Allah ne. Ta kuma san ta hannun wanda abin ya biyo.

Filin na Malam Rufa'i ne, mai shagon siminti a bakin titi, wanda ya gaji gonaki fiye da abin da zai iya nomawa, yake ba da su haya shekara-shekara. Wannan ɗin ya daɗe a hannun Baffa Dikko, wani dattijon Bafillace da rugarsa ke gefen gari. Da damina ya shuka wake da gyaɗa da 'yar dawa. Da rani ya kafa turaku a ciki ya ɗaure shanunsa, su ci kara da harawa, su zuba kashinsu a wurin. Da haka jar ƙasa mai tsakuwa ta koma baƙa mai laushi, har fartanya ke shiga ba gardama. A garin kuwa kowa ya san wanda ya zuba wa gonar haya taki ba a karɓe ta daga hannunsa sai ya ci takinsa. Ba doka ba ce, kunya ce kawai.

Matar Baffa Dikko, Goggo Luba, ita ce ta tsaya wa Bahijja lokacin da 'yarta Rumaisa ta so ta fi ƙarfinta. Bahijja ta yi doguwar jinya, nononta ya ƙafe, aka yaye yarinyar tun lokaci bai yi ba. Ta rame, gashinta ya yi ja, kuka ma sai a hankali. A asibiti ma'aikaciya ta zagaya damtsenta da wani ɗan ma'auni mai launi uku, ya tsaya a kan ruwan ɗorawa, dab da ja. Ta ce a ba ta madara, a ba ta wake da ganye, da ƙwai in da hali. Mustapha, mijin Bahijja, ɗan achaɓa ne, abin da ya samo rabi na mai ne. Ita kuma ɗanwake take yi a gida yara na fita da shi.

Goggo Luba ta shigo tallar nono wata safiya, ta ga yarinyar kwance a tabarma, ta daɗe tana kallonta. Washegari ta dawo da wani ɗan ƙoƙo daban a saman ƙwaryarta, cike da madarar da aka tatsa da sassafe, da sauran ɗuminta. Daga ranar ba ta fasa ba. In Bahijja ta miƙa kuɗi, wani lokaci ta karɓa, wani lokaci ta ture hannun ta ce ai ba ita ta kawo wa ba, ƙawarta Rumaisa ta kawo wa, kada a shiga tsakaninsu.

Madara ta samu ke nan. Wake da ganye ne suka zama aiki, don kullum aka aika kasuwa sai a dawo da sabon farashi. Bahijja ba mai zama ta tagumi ba ce. Ta ga cewa in ta sami ɗan fili ta shuka da kanta, tukunyar Rumaisa ba za ta ƙara jiran kasuwa ba. Duk bazarar nan ta yi ta sa Mustapha tambaya, in ya kai fasinja Bagauda ya tambaya, in ya je Kiru ya tambaya, har ta zama ta san kuɗin hayar kowane lungu. Masu araha tsakuwa ne, masu kyau kuma suna hannun mutane.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan Malam Rufa'i. Mata sun cika tsakar gida, hira ta gangaro kan tsadar kaya, sai uwargidan, Hajiya Laraba, ta ce su kam gonakin nan suna ne kawai, ta faɗi abin da Baffa Dikko ke biya, ta ce ko buhun taki na zamani ba zai saya ba. Bahijja ta yi dariya. Ta ce a Bagauda filin da bai kama ƙafar wannan ba ninkin haka ake ba da shi, ita da za ta samu irinsa ko a ninkin ne da gudu za ta karɓa.

Hira ce ta yi. Haka ta riƙa faɗa wa kanta daga baya, tana wanke-wanke, tana tankaɗe: hira ce kawai. Amma ta san Hajiya Laraba tun tana yarinya, ta san mace ce da magana ba ta faɗuwa ƙasa a gabanta. Kuma ta tuna sarai cewa da za ta yi maganar sai da ta ɗan ɗaga murya.

Kafin ruwan farko Malam Rufa'i ya kira Baffa Dikko ya ninka masa haya. Tsohon ya nemi a jira shi ya sayar da maraƙi, aka ce masa shuka ba ta jira. Sai ga saƙon Malam Rufa'i wurin Mustapha, wai an ji iyalinsa na neman fili. Mustapha ya shigo gida da murna kamar an ba shi kyautar babur. Bahijja na da damar ta ce a'a, kalma ɗaya ce. Ta kalli Rumaisa da ke zaune tana tsotsar yatsa, ta kalli damtsen nan da za ta iya zagayewa da yatsu biyu, ta ce a karɓa. Suka haɗa abin da ta tara na ɗanwake, bai kai ba. Mustapha ya samo wani mai sayen abincin dabbobi ya cika musu, a kan in kaka ta yi, harawa da karan gonar duk nasa ne.

Washegari Bahijja ta yi ta kai da kawowa a tsakar gida, har ta ji sallama. Goggo Luba ta shigo kamar kullum, ta sauke ƙwarya, ta miƙa ƙoƙo, ta tsokani Rumaisa cewa ƙawa ta fara ƙiba za ta daina gaishe ta. Ba ta ambaci gona ba. Haka aka ci damina. Bahijja ta shiga cika mata ƙwarya da kuɓewa da alayyafo da ɗanyar masara, fiye da abin da gida ɗaya zai ci. Tsohuwar kan karɓa ta yi godiya. Sau ɗaya ne kawai ta ce, tana ɗaura gammo, kusurwar da ke wajen tsamiya tana riƙe ruwa, baɗi kada a sa wake a wurin. Bahijja ta ce to. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Rumaisa kuwa sai murmurewa take. Gashin ya yi baƙi, ta fara bin kaji da gudu, ta koyi cewa "Doddo" in ta hango Goggo. Da aka koma asibiti ma'aunin ya tsaya a kan kore. Bahijja ta goya ta suka fito, tana hawayen da ita kanta ba za ta iya cewa na mene ne ba.

Da aka fara roron wake, Goggo Luba ta ce wata safiya, a cikin hira kamar ba komai, ya kamata a fara saba wa ƙawarta da kunun gyaɗa. Ɗansu Umaru zai kora shanun kudu, wajen Doguwa, don bana ba inda za a turke su, harawa kuma ta saye ba ta ɗaukuwa. Sai damina in Allah ya kai mu.

Bahijja ta jira Mustapha ya dawo ya ci abinci, sannan ta ce tana so a bar harawar, a kai ruga. Ya ce ai harawa ba tasu ba ce tun kafin a shuka waken, mutumin ya ba da kuɗinsa, kuma shi bai ga abin damuwa ba: ba ƙwace suka yi ba, mai fili ne ya ba su, sun biya har da ninki.

Ta ce, "Baban Rumaisa, kuɗin ƙasa muka biya Malam Rufa'i. Takin fa, wa muka biya?"

Mustapha ya ajiye cokali. Ba mugun mutum ba ne, tunanin ne bai taɓa zuwar masa ba. Ya ce to yanzu da me za a mayar wa mutumin kuɗinsa? Ta nuna akuyarta da ke ɗaure a gindin turmi, wadda mahaifiyarta ta ba ta da ta haihu.

Sai da aka jira ranar kasuwa. Akuyar ba ta yi kuɗin da suka zata ba, mai harawar kuma ya ce shi yanzu farashin kaka zai karɓa, ba na bazara ba. Aka yi ta ja, a ƙarshe rabi kawai suka iya fansa. Mustapha ya ɗaure dammunan a bayan babur har sun fi shi tsawo, yana tafiya a hankali, Bahijja na biye a ƙasa da Rumaisa a baya.

Tun daga nesa ta ga ba daidai ba. Babu kukan maraƙi, babu yara. Turaku na tsaye a fili, igiyoyi a kwance. Saniya ɗaya tak ta rage a gindin kirya, tsohuwa mai karyayyen ƙaho. Baffa Dikko na zaune a kan buzu yana tufka igiya. Suka durƙusa suka gaishe shi, aka yi gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da kaka da yarinya, ya amsa kowace da sakin fuska. Goggo Luba ta fito daga bukka ta ce ai shekaranjiya suka tashi, Umaru da matarsa da yaran duka. Saniyar nan ce ba za ta iya tafiyar ba, aka bar musu ita.

Yaran duka. Bahijja ta tuna tsohuwar na da jikoki nata, har da mai rarrafe, waɗanda ba ta taɓa tambayar ko ƙoƙon Rumaisa daga bakinsu ake ragewa ba.

Maza suka shiga sauke harawa. Bahijja ta matsa kusa da Goggo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Goggo, ni ce na yi maganar kuɗin filin nan a gidan suna."

"Na sani, 'yar nan. Ina cikin gidan, bakin rijiya da ƙwaryata."

Bahijja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce to me ya sa ba ta daina kawo madarar ba?

Tsohuwar ta kalli Rumaisa da ke leƙowa ta kafaɗar uwarta. "Ita ce ta yi maganar?"

Bahijja ta juya ga Baffa Dikko ta ce don Allah a kai saniyar filin ta ci ɗan karan da mai harawar ya bari, baɗi kuma su sun janye, ya koma gonarsa. Tsohon ya gama nuna wa Mustapha reshen da za a ɗora harawa kafin ya amsa. Ya ce Allah ya yi albarka, saniya za a kai ta. Amma zancen komawa, Malam Rufa'i ya riga ya ɗanɗana sabon kuɗi, ba zai sauko ba, maƙwabtansa ma sun ji, duk filayen hanyar rafi sun tashi. Ko ta janye, wani ne zai shiga, ba shi ba. Gara ta riƙe, tunda yarinya na ci. Ya faɗi haka ba fushi, kamar mai ba da labarin ruwan da aka yi jiya, ya koma kan igiyarsa.

Goggo Luba ta ɗauki ƙoƙo ta tsuguna gindin saniyar. Ta daɗe tana tatsa. Da ta miƙe, abin da ke ciki ko rabi bai kai ba. Ta tafasa a murhu, ta fifita, ta ba Rumaisa. Yarinyar ta shanye a tsaye, ta lashe baki, ta sake miƙa ƙoƙon da hannu biyu. Tsohuwar ta kife shi ta nuna mata, ta ce ƙawa a yi haƙuri, sai gobe.

Bahijja ta je gindin kirya ta kwance igiyar da kanta. Saniyar ba ta jira a ja ta ba. Ta bi hanyar rafi a gaba tana ɗingishi, ta kai filin ta shiga ta inda ta saba shiga, ta tsaya daidai inda turkenta yake a da. Bahijja na riƙe da igiya tana dube-duben abin da za ta ɗaura a jiki, don turakun duk ita ta sa aka tumɓuke su ranar shuka.