Ƙafar Benen Baya

Na'urar awon gini tana bayan Yagana kamar goyo, kan na'urar yana juyawa a hankali, yana lasar bango da rufi da wani haske da ido ba ya gani. Duk lungun da ta ratsa a plazar Alhaji Abdulrauf, sai 'yan kasuwa su yi tsit su bi ta da kallo. Wani ya ce hoton aljanu take ɗauka. Wani ya ce 'yar haraji ce.

Ba ko ɗaya. Ɗan ƙaramin kamfaninsu da ke Fagge ne ya samu kwangilar zana taswirar cikin ginin, kowane shago da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, ta yadda baƙo zai buɗe waya kibiya ta ja shi har ƙofar wanda yake nema. Ginin kuwa yana buƙata. Bene ne mai hawa huɗu a gefen kasuwar Sabon Gari, an yi ta cusa masa shaguna shekara da shekaru har ya koma kamar shuri. Mutum kan shiga sayen leshi ya ƙare da neman hanyar fita.

A ofis ne abin ya bayyana. Da ta haɗa awon, ginin ya miƙe a allon kwamfuta cikin ɗigo-ɗigo, kamar an gina shi da gero. Ta ɗora tsohon zanen da Alhaji ya ba su a kai. Komai ya hau daidai, ban da wuri ɗaya. Zanen ya nuna ƙafar bene a baya. Awon bai ga komai a wurin ba sai bangon bulo, hawa bayan hawa, da shago a jikin kowane bango. A ƙasa, inda ya kamata mutum ya fito waje, an yi ɗakin janareto.

Ta juya ginin da yatsa, ta dube shi ta sama, ta dube shi ta ƙasa. Hanya ɗaya ta rage wa mutanen hawa huɗu: matakalar gaba, wadda teburan 'yan koli suka matse har mutum biyu ba sa giftawa sai a karkace.

Washegari ta hau hawa na uku, ta bi lungun baya har ƙarshe. Shagon Madam Nkechi ne a wurin, cike da dilolin yadi har rufi.

"Matakala? Tana nan bayan kayana, 'yata," in ji matar, da Hausarta ta haifaffiyar Sabon Gari. Ta buga bangon da tafin hannu, ya amsa kamar ganga. "Haka na kama shagon. In rana ta take, warin fetur kan biyo ta nan."

Alhaji Abdulrauf ya zo ofis da kansa. Dattijo ne mai taushin murya. Godfrey, mai kamfanin, ya ba shi kujerarsa ya tsaya a gefe. Alhaji ya daɗe yana kallon gininsa a allo, yana murmushi kamar wanda aka nuna wa jika.

"Aiki ya yi kyau, 'yata. Gyara ɗaya ne. Masu duba gine-gine za su nemi ganin wannan. Ki mayar da benen bayan inda takarda ta ce yake. Bayan salla zan sa a fasa bangon."

"Alhaji, a fasa tukuna, ni kuma in zo in auna. Ko yini ba zai ɗauke ni ba."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Haka ne, Alhaji. Amma ranar da hayaƙi ya rufe wa mutane ido, wayarsu za su bi. Ita kuma abin da na faɗa mata za ta faɗa musu."

Murmushin ya ɗauke. "Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji shi, ya miƙe yana gyara babbar riga. Godfrey ya raka shi mota, ya daɗe bai dawo ba.

Da ya dawo bai kalle ta ba. "Wannan ne babban aikinmu na farko, Yagana. Idan ya kuɓuce, ban san me zan ce wa sauran ma'aikata ba."

"Oga, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Bai yi mata musu ba. Ya tura ta awon wata makaranta a Kwaciri, kuma kafin ta dawo an kwashe aikin daga kwamfutarta. Ta je ofishin masu duba gine-gine, ta yi bayani. Wani mutum ya saurare ta da kyau, ya yaba mata, ya ce za a duba.

Salla ta zo ta wuce.

Wata Asabar da la'asar, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, ta koma plazar. A bakin ƙofa an kafa allo mai sheƙi yana gayyatar baƙi su sauke manhajar ginin. Ta sauke. Ta kutsa matakalar gaba, kafaɗa da kafaɗa da masu dako, har hawa na uku. Nan ta danna inda aka rubuta hanyar fita ta gaggawa.

Kibiya ta fito, shuɗiya, ba ta ko rawa. Ta juya wa matakalar gaba baya. Yagana ta bi ta, dama, hagu, lungun yana ƙara matsewa, zafi yana ƙaruwa. Awon nata ne, ba kuskure ko na taku, illa benen bayan da wani ya mayar a ciki. Sai wayar ta yi ɗan motsi a hannunta, wata murya mai daɗi ta ce, "Sauka ta nan."

Dilolin yadi ne a gabanta.

"'Yata! Ke ce?" Madam Nkechi ta taso da fara'a, ta riƙo hannunta. "Allah ya yi miki albarka. Tun da kuka yi abin nan, kullum sai mutane sun zo nan suna tambayar matakala. In ce babu, su yi dariya, wasu su tsaya su sayi yadi. Kasuwa ta buɗe mini."

"Madam, ki saurare ni. In wani abu ya faru, ki mayar da su gaba. Kada ki bari su taru a nan."

"Me zai faru?"

Kafin Yagana ta amsa aka ɗauke wuta. Lungun ya yi duhu ƙirin, fankoki suka mutu. Can ƙasa, ta bayan bango, wani ya ja igiyar janareto. Janareton ya yi tari, ya mutu. Aka sake ja.

Ta waiwaya. Daga wannan ƙarshen lungun zuwa wancan, mutane suna ta laluben aljihu suna ciro wayoyi, fuskokinsu suna haskawa ɗaya bayan ɗaya.