Kilomita Ashirin na Kausar

"Babu rezo, kira ba ya shiga," in ji Hamza, wani saurayin unguwarmu, ya sake ɗaga tarho sama. "Har yanzu babu."

Iliyasu mai facin keke, maƙwabcinmu, ya cika yau da hantsi. Muna tsaye a zaurensa. Daga cikin gida ana jin matarsa Tanna tana maimaita magana ɗaya: tun da ransa ya ce wansa Haladu ne zai yi masa wanka. Haladu kuwa yana tungarsa ta wajen Tchaké, kilomita goma, kuma ranar kasuwa ce, masu baburan kabu-kabu duk sun watse.

"Zafi ya yi yawa," Liman ya ce. "Za mu jira zuwa azahar. Daga nan sai haƙuri."

Ni ce ke kula da 'yan matan eskut, wato sikawut, na garinmu tun da na dawo daga jami'a. Kausar, ɗiyar Iliyasu, shekararta goma sha huɗu, tana neman bajin keke, lambar ƙwarewa ta eskut. Ta iya faci, ta iya gyaran birki. Tafiyar kilomita ashirin ce ta rage mata. Sau biyu tana gwadawa, sau biyu rairayi yana kayar da ita.

Littafinmu na eskut ya ce a cika taya da iska sosai. Ranar da na karanta wa Iliyasu wannan, dariya ya yi har da tari.

"Malama Sakina, wanda ya rubuta wannan bisa kwalta aka haife shi. A rairayi rage iska ake yi."

Ban iya musu da manya ba, amma na hana Kausar bin maganarsa. Na ce littafi za mu bi.

Yanzu ga ta durƙushe a bakin zaure, tana danna bakin tayar keke da tsinke. Iska tana fita a hankali. Idonta a bushe.

"Kausar, ina za ki?"

"Wajen Baba Haladu."

"Ke kaɗai?"

Ta matsa tayar da babban yatsa, kamar yadda ubanta yake yi, ta hau.

Na koma cikin mata na zauna. Aka miƙo mini ruwa na riƙe. Na kalli inuwar katanga tana janyewa. Aka kawo likkafani. Masu haƙa kabari suka dawo da ƙasa a gwiwoyinsu.

An kira azahar, wani dattijo ya fara naɗe hannun riga don ya yi wankan, sai muka ji ƙarar sarƙar keke. Kausar ce ke tuƙi a tsaye. Haladu yana zaune a baya, ya ɗage ƙafafu, takalminsa ɗaya ya ɓace a hanya.

"Yarinyar nan ko sau guda ba ta sauke ni ba," ya ce, bai kalli kowa ba. "Ina ruwan wankan?"

Shi ya yi wankan.

Bayan addu'ar bakwai na kai mata bajin. Na tarar da ita a rumfar ubanta.

"Goma zuwa, goma dawowa," na ce. "Ya cika."

"Ba yadda littafi ya ce na yi ba, Yaya Sakina."

"Na sani."

Ta karɓa, ta juya shi, ta buɗe gwangwanin da Iliyasu yake ajiye robar faci ta saka, ta rufe. Keken yana jingine da katanga, tayoyinsa sun sace, famfo yana rataye a ƙusa.