Tasar Inna Hannatu

Baƙon ya kifa tasar a kan gwiwarsa, ya ƙwanƙwasa gindinta da ɗan yatsa, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana a kasuwa. Widad na tsaye a bakin rumfa da farantin shayi a hannu. Ba wanda ya ce ta ajiye, ita kuma kunya ta hana ta tambaya.

"Aikin hannu ne," in ji shi da Larabci. "Dubi sawun guduma. Wannan ta haura shekara ɗari."

Sunansa Osman, daga Omdurman ya zo, inda yake da shagon tsofaffin kwanuka. Abdussalami ne ya kawo shi, autan Inna Hannatu, wanda yake tuƙin tarakta a manyan gonakin Damazin. Ita Inna tana kwance a kan angareb, gadon igiya, a can ƙarshen rumfar. Wata uku ke nan ba ta taka ƙofar gida ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Widad, don haka Widad ce mai dama mata kunu da juya ta idan gefe ya gaji.

Tasar ta tagulla ce, babba, hannu biyu ake sa mata. Ta yi baƙi ƙirin, da ɗan kore a bakinta. Kakar Inna ce ta ɗauko ta a ka tun daga ƙasar Sakkwato, a ƙafa, lokacin da mutanensu suka yi hijira zuwa gabas. Tun da aka kafa wannan ƙauye a bakin kogi, kudu da Abu Hujar, duk macen da ta rasu da ruwan wannan tasa ake mata wanka. Kakar ta yi wa mata wankan gawa, uwar Inna ta gada, Inna ta gada. Shekara biyu ke nan Widad na bin ta tana riƙe mata zane tana koyo.

Osman ya zaro waya ya matsa kusa da gadon.

"Ya Hajja, dubi inda za ta zauna. Wannan tangaran ne na ƙasar Sin, kin ga shuɗin zanensa. Wannan butar shayi ce daga Maroko. Wannan tukunyar ƙasa ce ta Habasha, wannan kuma ta gahawa daga Turkiyya. Kowace cikin gilashi take, ko ƙuda ba ya sauka a kanta."

Inna ta ƙanƙance ido ta daɗe tana kallo. Da Hausa ta amsa.

"Mi aka ci cikinsu?"

Abdussalami ya fassara. Osman ya yi dariya.

"Ba a ci, ya Hajja. Kallo ake yi."

"To gawa ce ke nan, anka ƙi rufe ta."

Wannan Abdussalami bai fassara ba. Widad ta sunkuyar da kai don kada a ga bakinta.

Da baƙon zai tashi, sai ya ɗaga yatsa ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, har da Widad.

"Abu guda. Kada kowa ya goge ta. Wannan baƙin nake saye, shi ne shekarunta. Jibi zan dawo da mota, motar ce kuma za ta wuce da Hajja asibiti a Sinnar."

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Inna ta juyo.

"Auta, yaushe munka yi da kai?"

"Inna, ba sai mun yi ba. Likitan Abu Hujar ya ce a kai ki Sinnar a duba cikin nan. Da mi zan kai ki? Damina ba ta yi ba, tarakta tana ajiye."

"Ni da mi za a wanke ni?"

"Ke ki bar wannan magana. Robobi sun cika gari."

"Uwata ba a roba anka wanke ta ba. 'Yar'uwarka ma da hannuna na wanke ta cikin tasag ga, kana ƙarami kana kuka bayan ɗaki. Ka ɗauke ta ka kai wa mai gilashi, in tsohuwa Maryamu maƙwabciyarmu ta mutu mi za ka ce ma 'ya'yanta?"

"Maryamu lafiyarta lau. Ke ce kwance."

Ya ɗauki tasar ya kai ɗaki, ya lulluɓe ta da buhu, ya fita ba sallama. Widad ta ajiye shayin da ya riga ya huce.

Washegari da hantsi Abdussalami ya hau mota zuwa Abu Hujar karɓo takardar likita. Widad tana shara sai ta ji an bubbuga katanga da sanda. Haka Inna take kiranta.

"Ɗiyata, ɗauko min tasar. Ki kwaso toka murhu, ki tsinko lemun tsami gidanku, ki zo da yashin kogi ɗan kaɗan."

Widad ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta gane.

"Inna, ke kika ce ba a taɓa goge ta ba. Ruwa kawai, a kife."

"Na ce."

"To asibitin fa? In bai saya ba, ba mota."

Inna ta yaye zanen da ke ƙafafunta. Sun kumbura har gwiwa, fatar tana sheƙi. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa, bai taso ba.

"Mata nawa na wanke a garin nan? Na san ƙafar mai tashi, na san ƙafar mai tafiya. Su kai ni Sinnar in mutu bisa gadon ƙarfe, wata da ban sani ba ta watsa min ruwa da bokiti? Kalas, magana ta ƙare. Ɗauko."

Widad ta dubi ƙofar ɗakin. Ita da ko a gidan biki ba ta iya ɗaga murya, yau ita za ta tsaya gaban Abdussalami? Kuma idan likitan Sinnar yana da abin yi fa? Inna ba ta jira ta ba. Ta dafa sanda tana ƙoƙarin saukowa daga gado, numfashinta na fita da ƙara.

"Zauna, Inna. Zan kawo."

Ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon, ta yanka lemun gida biyu, ta dangwala a toka. Inna ta ce a ba ta ita ta fara. Aka ɗora mata tasar a cinya. Ta yi bismillah, ta goga sau uku, wani siririn layi ja ya bayyana a cikin baƙin. Ta daɗe tana kallonsa. Widad ta ga idonta ya kawo ruwa.

"Hannun kakata ne nika gogewa," in ji ta. "Ta yafe min. Karɓi."

Widad ta karɓa. Ta goga har rana ta take. Ruwan lemun ya shiga tsagar yatsunta yana zogi, baƙin ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunta yana ɗiga a tabarma. Inda ya ƙi fita ta sa yashi. Lemo goma sha ɗaya ta ƙarar, ta koma gida ta sake tsinkowa.

"Ƙara ƙarfi," in ji Inna. "Kamar kina cuɗa bayan mijinki in ya dawo daga auduga."

"Inna mana."

"Kunya kike ji? Tasa ba ta gaya ma kowa."

Wajen azahar, a ƙarƙashin bakin tasar, wani zane ya fito. Ɗigo-ɗigo ne aka buga da kan ƙusa, sun zagaye ta kamar sarƙa, tsakaninsu da ƙananan ganyaye. Widad ta miƙa mata. Inna ta bi zanen da yatsa tun daga farko har ta dawo inda ta fara.

"Shekara tamanin ina tare da ke," ta ce wa tasar, "ba ki taɓa nuna min ba."

Abdussalami ya dawo bayan la'asar a gajiye, bai leƙa ƙarƙashin buhun ba. Da safe motar Osman ta tsaya a ƙofar gida, an shimfiɗa katifa a bayanta saboda mara lafiya. Abdussalami ya shiga ɗaki ya fito da tasar a lulluɓe, ya yaye buhun a tsakar gida. Rana ta daki tagullar, sai da duka biyun suka kare ido.

Osman ya tsuguna. Ya shafa inda yashi ya karce ta, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Wa ya yi wannan?"

Ya ɗago ya dubi Abdussalami.

"Kun kashe ta. Yanzu wa zai yarda ba jiya aka ƙera ta a kasuwa ba? Ba zan iya sa wannan a shagona ba."

"Ka gaya mishi," in ji Inna daga gado, "baƙin da yake so yana nan bisa tabarma. Shi naɗe shi tafi da shi, kyauta."

Abdussalami bai fassara ba, amma da alama Osman ya fahimta daga muryar. Ya miƙe ya kakkaɓe jallabiyarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce Allah ya ba Hajja lafiya, kuma da gaske ya faɗa. Motar ta tafi da katifarta.

Abdussalami ya juyo kan Widad. Idonsa ya sauka a hannunta, farcen duk sun yi baƙi.

"Ke ce."

"Ni na sa ta," in ji Inna.

"Ba da ke nake ba, Inna. Widad, kin san abin da kika yi? Motar asibitinta kika kora. In wani abu ya same ta, ki sani."

Widad ta ji ƙafafunta na son kai ta gida. Ta riƙe ginshiƙin rumfa. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci, amma ba ta tsaya ba.

"Ni na goge, ya Abdussalami. Wata uku ni nake juya ta, na san nauyinta na jiya da na yau. Ta roƙe ka ba ka ji ba, ta roƙe ni na ji. In an sake, zan sake."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Sannan ya dubi uwarsa.

"Zan samo wata motar. Ko da wayata zan sayar."

"Samo, Auta," in ji Inna. "Amma zo ka zauna nan tukuna. Ka daɗe ba ka zauna ba."

Bai zauna ba a ranar. Kwana biyu yana yawo tsakanin ƙauye da Abu Hujar, bai yi wa Widad magana ba ko a hanya suka haɗu. A rana ta uku ya samu mai mota da ya ce sai ranar Asabar. Ya dawo ya zauna a bakin gadon, yana ba Inna ruwa da cokali. Ta tambaye shi ko kogi ya fara ja baya, ya ce ya fara. Ta ce to a gaya wa mutane su shirya irin kuɓewa.

Ranar Alhamis da hantsi, Widad na dama kunu a murhu, sai ta ji Abdussalami yana maimaita kalmar shahada da murya mai ƙarfi, daga baya a hankali. Ta sauke tukunyar.

Mata suka cika gidan. Tsohuwa Maryamu ta zo da ganyen magarya a ƙulle a bakin mayafi. Aka shigar da gawar ɗaki a kan gadonta. Widad ta fito neman ruwa, ta tarar da Abdussalami tsaye a ƙofar ɗakin, wandonsa jiƙe har cinya. Da kansa ya je kogi. Tasar na hannunsa cike, yana riƙe da ita da hannu biyu don kada ta zube.

"Ban yafe miki ba tukuna," ya ce, bai kalle ta ba.

"Na sani."

"Ki yi mata a hankali. Ba ta son ruwa a kunne."

Widad ta karɓa. Maryamu ce ta riƙe zane, Widad ta yi wankan, daga dama zuwa hagu, kamar yadda aka koya mata. Sannan ta ɗaure likkafani.

Da maza suka ɗauki makara suka nufi maƙabarta, mata suka koma rumfa suna karɓar gaisuwa. Widad ta ɗauraye tasar da ruwa zalla, ta jingina ta a bakin ƙofar ɗaki don ta bushe. Ta shiga ɗakin naɗe tabarma. Rana ta faɗa cikin tagullar, haske ya shigo ɗakin, ya tsaya a jikin bango saman gadon da ba kowa a kai, yana ɗan motsi. Widad ta zauna a ƙasa da tabarmar a cinyarta.