Kafaɗar Yaya

Wata huɗu da rasuwar Yaya ciwon ya kama ni. Daga gindin wuya yake tashi, ya gangaro kafaɗar hagu, ya tsaya nan kamar an kafa ƙusa. Ni na gaji shagon ɗinkinta, da keken, da kujerar, har da masu kawo mata ɗinki. Na sha magani, na shafa man zafi har fatata ta fara saɓulewa, ciwo yana nan daram. Da abin ya kai ba na iya waiwayawa sai na juya jikina gaba ɗaya, asibiti suka tura ni ɗakin gashin ƙashi.

Likitar wata gajeruwar mata ce mai barkwanci. Ta sa na yi tafiya daga ƙofa zuwa taga tana kallona.

"Baiwar Allah, kin karkatar da kai kamar kaza ta hango shaho," in ji ta. Ta danna yatsa a ƙashin kafaɗata, na yi ƙara. "Yaushe kika karye a nan?"

"Ban taɓa karyewa ba."

"Hoton ƙashin da aka ɗauka ma haka ya nuna, ƙashinki lafiya lau. Amma kina ɗage ta kina kare ta, sak yadda masu tsohuwar karaya suke yi."

Yaya ce ta karye a daidai wurin, tana 'yar shekara tara, da ta faɗo daga kan katanga.

Daga ranar na fara lura. Mai shigowa shago, in ta hango bayana, sai ta ja ta tsaya kamar ta ga Yaya, sallamar ta maƙale mata. Inna kuwa, da idonta ya yi rauni, kullum da la'asar takan zo ta zauna a benci tana yi mini hirar abubuwan da aka yi tun ba a haife ni ba, tana cewa, "Kin tuna?"

Wata rana ina tsakiyar ɗinki ta ce, "Ina kika ɓoye almakashin babanku?"

"Bayan madubi, cikin tsumma," na ce, ko kai ban ɗaga ba.

Sai na tsayar da keken. Ban taɓa sanin Baba ya bar almakashi ba. Na tashi na zura hannu bayan madubin. Yana nan a naɗe, ya yi tsatsa.

Da na koma asibiti, likitar ta ce in nuna mata hoton yadda nake zama a wurin aiki. Na miƙa mata wayata, ta duba, ta kama haɓa.

"Kujerar nan ta lotsa gefe guda, ta ɗauki zaman mai ita. Canza ta. Ki ɗaga teburin keken, duk rabin awa ki miƙe." Ta koya mini in jingina da bango, in ja haɓa baya, in matse kafaɗu, sau goma safe da yamma.

Na canza kujera. Motsa jikin ne ya fi ba ni tsoro. In na miƙe sosai a jikin bango, sai in ji kafaɗar tana komawa inda ta saba a hankali, ba da zafi ba, kamar ana lallashina. Ina hawaye nake ƙarasa goman.

A mako na shida na waiwaya na amsa sallama ba tare da na ji komai ba. Likitar ta tafa, ta ce saura in riƙe zaman, kada in koma gidan jiya.

Ran nan da la'asar Inna ta shigo, ta tsaya a bayana ta daɗe. Ta ɗora hannu a wuyana, ta shafa har kafaɗa, ta sake shafawa.

"Auta, ke ce?"

"Ni ce, Inna."

Ta janye hannunta, ta juya fuska tana bin kusurwoyin shagon ɗaya bayan ɗaya.

"To, ita kuma ina ta koma?"

Ta lalubi sandarta ta fita, kuma daga ranar ba ta ƙara zuwa shagon ba.